Falsafa a Kaele, garin ɗaliban man fetur

Duk ɗalibin Kaele da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a tsarin Faransanci sai ya gamu da falsafa, domin tana cikin jarrabawar bakaloriya. Ana ba shi tambaya ko nassi, a ce ya kawo hujja, ya kawo kishiyarta, sannan ya yanke hukunci. Hadda kaɗai ba ta fid da mutum a nan.

Iyaye da yawa kan tambayi amfaninta, kuma suna da hujja. Kaele, babban birnin gundumar Mayo-Kani a Kamaru, nan ne Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ta ajiye makarantarta ta ma'adinai da man fetur. Wa zai bar injiniyanci ya kama gardama?

Sai dai Kamaru ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Masanin falsafarta Marcien Towa ya ja kunnen 'yan Afirka a 1971 cewa yabon al'adun kakanni kaɗai ba falsafa ba ne, sai an sa su a mizanin bincike. Ebénézer Njoh-Mouelle kuwa ya dubi ci gaba ta fuskar ingancin mutum, ba yawan dukiya ba. Malaman zaure ma sun daɗe suna koyar da manɗiƙi.

A yankin da Boko Haram ta yaudari matasa da kalamai, kuma jita-jita ke yawo ta WhatsApp, yaron da ya saba tambayar "mene ne dalilinka?" ya fi wuyar ruɗi. Mai son zurfafawa zai samu sashen falsafa a babbar makarantar horar da malamai ta Marwa.