Noman Ciyawar Dabbobi: Ribar Haɗa Dangin Wake Da Gamba A Makiyaya

Babbar asarar da mai kiwon shanu ke yi a Nijeriya tana zuwa ne tsakanin watan Janairu da na Afrilu. A wannan lokaci ciyawar daji ta bushe ta koma kara, sinadarin gina jiki da ke cikinta kuma ya sauka ƙasa da kashi bakwai cikin ɗari, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da tumbin saniya ke bukata kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Saboda haka saniya na iya cika cikinta da ciyawa amma tana ramewa. Nono yana raguwa, haihuwa tana jinkiri, 'yan maruƙa suna mutuwa, ƙibar da aka tara da damina kuma ta zube kafin ruwa ya sauko.

Hanyar da aka saba bi ita ce sayen dusa, gurya da harawar wake ko ta gyaɗa, waɗanda farashinsu ke tashi daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Akwai kuma hanya ta biyu wadda aka daɗe da gwadawa a ƙasar nan, wato shuka tsirrai dangin wake tare da ciyawa a fili guda, domin dabbobi su samu abincin da ke da auki da kuma gina jiki.

Dalilin haɗin a fili yake. Ciyawa irin su gamba da kyasuwa suna ba da yawa, amma suna zuƙe ƙarfin ƙasa, kuma amfaninsu na raguwa da zarar sun fitar da kai. Dangin wake kuwa suna da ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama sinadarin naitirojin daga iska. Wannan shi ne sinadarin da manomi ke saye da tsada a buhun takin yuriya. Idan ganyensu ya zuba ya ruɓe, ko dabbobi suka ci suka yi kashi a filin, ƙasa tana samun taki, ciyawar da ke kusa kuma tana amfana. Har ila yau, ganye da 'ya'yan dangin wake suna riƙe sinadarin gina jiki bayan sun bushe.

A Nijeriya, cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya, wadda a yau ake kira NAPRI, ta shafe shekaru tana gwada irin waɗannan tsirrai, ciki har da lablab da sitailo. Shi sitailo asalinsa daga yankin Amurka ta Kudu da tsibiran Karebiyan yake, kuma yana jure ƙasa maras ƙarfi. Daga farkon shekarun 1980, cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, wadda a lokacin ke da ofishi a Kaduna, ta fitar da shi daga gonar gwaji zuwa wurin Fulani mazauna kudancin Kaduna, musamman a gandun kiwo na Kachia da kuma yankin Abet. An kira tsarin da suna rumbun ciyawa.

Tsarin bai da wuya. Makiyayi yana kewaye fili mai kimanin hekta huɗu kusa da rugarsa. Maimakon garma, ana kwanar da garken a wurin har kofatonsu ya farfasa ƙasa, kashinsu kuma ya zama taki. Ana jiƙa irin sitailo a ruwan zafi domin ɓawonsa mai tauri ya yi laushi, sannan a watsa shi tare da takin supa a farkon damina. Idan rani ya tsananta, sai a riƙa shigar da shanu masu ciki, masu shayarwa da raunana na awa biyu zuwa uku a kullum, sauran yinin kuma su yi kiwo a daji kamar yadda aka saba. Filin ba ya ɗaukar garken gaba ɗaya. Aikinsa shi ne cike giɓin gina jiki ga dabbobin da jarin makiyayi ya rataya a kansu.

Wurin da aikin ke bukatar ido shi ne daidaita tsirran biyu. Da zarar sitailo ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ciyawa tana tasowa da sauri, ta yi tsawo ta rufe shi da inuwa, har ya ɓace cikin 'yan shekaru. Maganin wannan shi ne a saki shanu a filin a makonnin farko na damina, domin a lokacin sun fi son ɗanyar ciyawa, su rage ta su bar sitailo ya samu rana. Daga nan sai a rufe filin har rani. Haka kuma dole a bar isasshen iri ya zuba ƙasa domin ya sake tsirowa baɗi. Wanda ya bari aka cinye filin ƙarƙaf, to zai koma sayen iri.

Bugu da ƙari, gwaje-gwajen sun nuna cewa masara da dawa da aka shuka a filin bayan shekara biyu ko uku sun fi na gonar da ba a shuka sitailo ba yabanya. Wannan ya jawo hankalin manoma masu awaki da tumaki, waɗanda suka riƙa yin ƙananan rumbuna. Hukumar raya dabbobi ta tarayya ta ba da rancen kafa rumbunan a ƙarƙashin wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa. Wani nazari da cibiyar ILRI, wadda ta gaji ILCA a 1995, ta wallafa a 1999 ya ƙiyasta cewa mutane kusan 27,000 ne suka rungumi noman waɗannan tsirrai a kan hekta kusan 19,000 a ƙasashe 15 na yankin Afirka ta Yamma.

Duk da haka, tsarin bai yaɗu yadda aka yi fata ba. Waya da turakun shinge su ne mafi tsada a aikin, kuma farashinsu ya hauhawa bayan faɗuwar darajar naira daga 1986. Gobarar daji na iya lashe aikin shekara a yini guda idan ba a share hanyar tare wuta ba. Wata cutar ganye ta lalata wasu nau'o'in sitailo, abin da ya sa aka fi dogara ga nau'in Verano. Mafi girman cikas kuwa shi ne mallakar ƙasa, domin makiyayin da aka ara wa fili ba zai kashe kuɗi ya kewaye shi ba alhali ana iya karɓewa baɗi.

Tun bayan dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai a 2017, shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa a 2019, da kafa Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, maganar killace shanu ta dawo gaba. Saniyar da aka killace sai an noma mata abinci, kuma nan ne kasuwa take ga masu noman iri, masu ɗaure busasshiyar ciyawa da kamfanonin tattara madara. Mai niyyar zuba jari a wannan fanni zai fara ne da tabbatar da takardar filinsa, da samun ingantaccen iri da takin supa, kafin ya sayi saniya ko guda.