EC Comics

EC Comics kamfanin ɗab'i ne na ƙasar Amurka da ya yi suna wajen buga mujallun labari cikin zane, waɗanda ake kira komik, tsakanin shekarar 1950 zuwa 1955. An fi saninsa da mujallun ban tsoro guda uku, wato Tales from the Crypt da The Vault of Horror da The Haunt of Fear, kodayake ya buga na yaƙi da na aikata laifi da na ƙagaggun labaran kimiyya, da kuma mujallar barkwanci ta Mad. Ofishinsa ya kasance a lamba 225 a titin Lafayette da ke birnin New York. Shekara biyar kacal mujallun ban tsoron suka yi a kasuwa kafin matsin lamba ya kashe su, amma har yau suna cikin waɗanda masu tara tsofaffin komik suka fi nema. Babban dalilin haka shi ne masu zanen da suka yi wa kamfanin aiki, waɗanda masu karatu suka sani da sunayensu, suka kuma iya gane hannun kowannensu.

Asali

Maxwell Gaines ne ya kafa kamfanin a 1944 da sunan Educational Comics, yana buga labaran Littafi Mai Tsarki da na tarihi cikin zane domin makarantu da majami'u. Kasuwar ba ta karɓa sosai ba. A 1947 ya rasu a hatsarin kwalekwale a tafkin Placid da ke jihar New York, sai ɗansa William Gaines, wanda aka fi sani da Bill, ya gaji kamfanin da bashi a kansa. Bill yana da shekara 25 a lokacin, kuma karatun zama malamin kimiyyar sinadarai yake yi. Shi ne ya mayar da sunan Entertaining Comics, ya kuma ɗauki Al Feldstein aiki, wanda ya zama edita kuma marubucin yawancin labaran.

Ba EC ne ya fara buga komik na ban tsoro ba. Kamfanin Avon ya fitar da Eerie a 1947, sannan Adventures into the Unknown ta biyo baya a 1948. Abin da Gaines da Feldstein suka kawo a 1950 shi ne tsari. Kowace fitowa ana sayar da ita senti 10, tana ɗauke da labari huɗu masu shafi shida zuwa takwas. Kowane labari yana da mai gabatarwa: ko mai gadin kushewa, ko mai gadin ɗakin gawa, ko tsohuwar mayya, waɗanda ke buɗe labarin da rufe shi da ba'a. Labaran kansu galibi na sakayya ne. Wanda ya kashe matarsa don gado, ko ya cuci abokin cinikinsa, zai gamu da ƙarshe mai kama da laifinsa a shafin ƙarshe, sau da yawa a hannun gawar da ta taso daga kabari.

Masu zane

A wancan zamani yawancin kamfanonin komik ba sa bayyana sunan mai zane, kuma suna tilasta wa kowa ya yi zane iri ɗaya. EC ya saɓa wa wannan al'ada. Ya bar masu zanensa su sa hannu a aikinsu, ya riƙa buga hotonsu da taƙaitaccen tarihinsu a cikin mujallun, kuma Feldstein kan rubuta labari yana sane da wanda zai zana shi. Masu karatu sun riƙa aiko da wasiƙu suna jera labaran fitowar da ta gabata daga wanda ya fi burge su zuwa na ƙarshe. Daga nan aka fara samun yaran da ke sayen mujalla saboda mai zane, ba saboda labari kawai ba.

Graham Ingels, wanda ke sa hannu da laƙabin Ghastly, shi ne gwanin ruɓewa: fatar da ke zazzagowa daga ƙashi, tsofaffin gidaje a cikin fadama, fuskoki masu dalalar miyau. Shi ke zana labaran tsohuwar mayya a The Haunt of Fear. Bayan rushewar mujallun ya koma jihar Florida yana koyar da zane, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana guje wa magana a kan aikinsa na EC, duk da yadda masoya ke nemansa. Ya rasu a 1991. Jack Davis ɗan jihar Jojiya ne mai saurin hannu, mutanensa dogaye masu manyan ƙafafu, kuma ko a cikin mafi munin zanensa akwai alamar raha. Shi ya zana Foul Play a 1953, labarin da 'yan wasan ƙwallon gora ta Amurka suka yi wasa da sassan jikin wani ɗan wasa mai kisan kai, wanda daga baya masu suka suka riƙa nunawa a matsayin hujja. Johnny Craig kuwa layinsa tsaf yake, ba ya cika zubar da jini, ya fi son zufa a goshin mai laifi da tsoron da ke cin mutum daga ciki. Yana aiki a hankali, yana rubuta labaransa da kansa.

A ɓangaren labaran kimiyya akwai Wally Wood, wanda cikin jiragen sararin samaniyarsa ke cike da wayoyi da maɓallai, da Al Williamson, da Frank Frazetta da ke taimaka masa lokaci lokaci. Sauran sun haɗa da Jack Kamen da Reed Crandall da George Evans da Joe Orlando. Marie Severin ce ke sa wa yawancin mujallun launi. Harvey Kurtzman ya shirya mujallun yaƙi biyu, Two-Fisted Tales da Frontline Combat, waɗanda ba sa yi wa yaƙi kwalliya, sannan ya ƙirƙiro Mad a 1952.

Bernard Krigstein daban yake a cikinsu. Labarinsa Master Race, mai shafi takwas, ya fito a fitowar farko ta Impact a 1955. Yana magana ne kan wani tsohon shugaban sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ya yi kiciɓis da wani da ya san shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. Krigstein ya yayyanka shafin zuwa siraran akwatuna domin mai karatu ya ji tafiyar lokaci daƙiƙa bayan daƙiƙa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Shi ma ya bar sana'ar daga baya, ya koma koyarwa a wata makarantar sakandaren zane a New York.

Akwai kuma batun marubuci Ray Bradbury. A 1952 ya gano cewa EC ya ɗauki labaransa biyu ya haɗa su wuri ɗaya ba tare da izini ba. Maimakon ya kai ƙara, sai ya rubuta musu wasiƙa cikin raha yana tunatar da su cewa sun manta ba su aiko masa da dala 50 ba. Suka biya, daga nan kuma aka yi yarjejeniya suka riƙa zana labaransa da sunansa a bango.

Binciken Majalisar Dattawa

Tun ƙarshen shekarun 1940 iyaye da malamai da shugabannin majami'u ke kuka da komik, har a wasu garuruwa aka tara su aka cinna musu wuta a filin makaranta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafin Seduction of the Innocent, inda ya danganta karatun komik da kangarewar yara. A ranar 21 ga Afrilun shekarar wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a New York kan batun, kuma Gaines da kansa ya nemi a saurare shi. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga fitowa ta 22 ta Crime SuspenStories, wadda Johnny Craig ya zana bangonta: wani mutum riƙe da gatari mai jini a hannu ɗaya, da kan mace a ɗayan. Ya tambaye shi ko yana ganin wannan ya dace. Gaines ya amsa cewa ya dace da bangon mujallar ban tsoro, har ya shiga bayanin yadda zai fi haka muni da an ɗaga kan sama kaɗan. Jaridu suka yayata amsar, ta kuma yi wa kamfanin mummunar illa.

Majalisar ba ta kafa doka ba. Kamfanonin ne da kansu suka kafa hukumar tace komik a ƙarshen 1954, mai suna Comics Code Authority, wadda ta haramta sa kalmomin da ke nufin firgici da ta'addanci a sunan mujalla, ta kuma hana zana gawa mai tafiya da masu shan jini da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar a bango, dillalai ba sa rarraba ta. Gaines ya rufe mujallun ban tsoronsa, ya gwada wasu sababbi kan likitoci da 'yan jarida da matuƙa jirgi, amma ba su yi kasuwa ba. A Birtaniya ma majalisa ta zartar da doka a 1955 kan irin waɗannan mujallu.

Rikici na ƙarshe ya faru ne kan labarin Judgment Day da Joe Orlando ya zana, wanda aka fara bugawa a 1953. Ɗan sama jannati ne ya ziyarci duniyar mutum-mutumi inda masu launin lemo ke danne masu launin shuɗi, sai a akwatin ƙarshe ya cire hular kwanonsa aka ga baƙar fata ne. Da EC ya so sake buga shi, shugaban hukumar, alƙali Charles Murphy, ya nemi a sauya launin fatar mutumin. Gaines ya ƙi, labarin ya fito yadda yake a Incredible Science Fiction ta 33 a farkon 1956, wadda ita ce komik ta ƙarshe da kamfanin ya buga. Mad kaɗai ta tsira, domin tun 1955 an mayar da ita babbar mujalla da ba ta ƙarƙashin hukumar. A 2012 Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta binciki takardun Wertham, ta nuna cewa ya sauya maganganun wasu yaran da ya yi hira da su domin su dace da hujjarsa.

Masu tarawa

Tun kamfanin na raye yake da ƙungiyar masoya, EC Fan-Addict Club, da ya buɗe a 1953. A shekarar ce kuma wani matashi, Bhob Stewart, ya fara buga 'yar ƙaramar jaridar masoya EC, ɗaya daga cikin na farko irinta a duniyar komik. Yaran nan sun girma ba su manta ba. Jerry Weist ya fara mujallar Squa Tront a 1967, inda ake hira da masu zanen ana nazarin aikinsu shafi bayan shafi, kuma a 1972 aka yi babban taron masoya EC a New York wanda Gaines da masu zane da dama suka halarta.

Abin da ya fi taimakon masu tarawa shi ne halin Gaines na rashin zubar da komai. Sauran kamfanoni kan yar da zanen asali, wato wanda mai zane ya yi da tawada a babbar takarda, ko su bayar da shi kyauta da zarar an buga. Gaines ya adana kusan dukkan nasa. Russ Cochran, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Drake wanda tun yana yaro masoyin EC ne, ya samu izinin ɗaukar hoton waɗannan zane, ya fara buga su a 1971, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ya fitar da dukkan mujallun cikin manyan kundaye masu baƙi da fari. A nan ne mutane da yawa suka fara ganin ainihin layin Ingels da Wood, ba tare da launin da ke malala a takarda mai arha ba. Cochran ne kuma ya riƙa yin gwanjon zanen na asali a madadin Gaines.

Bayan haka Gaines ya kan ware kwafi goma sha biyu na kowace fitowa, ya naɗe su a takarda ya ajiye. An buɗe ƙunshin a 1989 tare da Cochran da Robert Overstreet, mai littafin farashin komik da ke fitowa tun 1970. Waɗannan kwafi, da ake kira Gaines File Copies, yawancinsu kamar yau aka buga su, kuma farashinsu ya zarce na sauran nesa ba kusa ba.

Darajar tsohuwar komik tana rataye ne a kan lafiyarta. Takardar da aka buga su a kai irin ta jarida ce, tana yin ja ta kuma karye idan ta tsufa, ƙusoshin tsakiya suna tsatsa, ga yara da ke yanke takardun talla daga ciki. Tun shekarar 2000 kamfanin CGC ke duba kwafi ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi cikin akwatin roba mai haske. Wannan ya sauƙaƙa ciniki, sai dai komik ɗin da aka rufe ba ya karantuwa, abin da ya sa bango ya ƙara rinjaye a kan labarin da ke ciki. Shi ya sa wasu mujallun wasu kamfanoni, waɗanda labaransu ba su kama ƙafar na EC ba, suke tsada saboda bangonsu kawai, kamar Black Cat Mystery ta 50 da Lee Elias ya zana fuskar da ke narkewa, ko bangunan L. B. Cole masu launi mai kashe ido. Wani abin mamaki, duk mujallar da Wertham ya buga hotonta a littafinsa don ya la'ance ta, wannan ambaton kan ƙara mata kuɗi a yau.

Zanen asali kan fi kwafi tsada, tunda guda ɗaya ne tak. A watan Nuwamban 2018 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas ya sayar da shafuka takwas na Master Race kan dala 600,000 ga wata gidauniya a ƙasar Beljiyam. A 2019 kuma aka sayar da Egyptian Queen, zanen fenti da Frazetta ya yi wa bangon mujallar Eerie ta kamfanin Warren a 1969, kan dala miliyan 5.4.

Tasiri

Kamfanin Warren ya farfaɗo da salon EC a 1964 da mujallar Creepy, inda ya ɗauki tsofaffin masu zanen kamfanin da dama. Kamfanin fim na Amicus a Birtaniya ya yi Tales from the Crypt a 1972 da The Vault of Horror a 1973. George Romero da Stephen King sun yi fim ɗin Creepshow a 1982 domin tunawa da mujallun, sannan tashar HBO ta nuna shirin Tales from the Crypt daga 1989 zuwa 1996. Gaines ya rasu a 1992. Hukumar tace komik ta daina aiki a 2011, bayan manyan kamfanoni sun janye daga cikinta. Daga 2012 kamfanin Fantagraphics ya fara sake buga labaran EC a kundaye, kowane kundi na mai zane ɗaya, kuma a 2024 kamfanin Oni Press ya fara fitar da sababbin labarai da sunan EC bisa izinin iyalan Gaines.