Manyan Digirorin Aikin Jinya a Amurka da Abin da Ya Bambanta Su

A Amurka, ma'aikacin jinya da ya kammala digirin farko ya kuma ci jarrabawar lasisi da ake kira NCLEX yana da hanyoyi uku na ƙaro karatu, kuma ko da yake sunayensu kan rikita mutane, kowace hanya da inda take kaiwa. Ta farko ita ce digiri na biyu, wato MSN, wanda kan ɗauki shekara 2 zuwa 3, kuma shi ne ƙofar da aka fi bi zuwa matakin da ake kira babban aikin jinya, inda nas ke duba marar lafiya da kansa, ya gano ciwonsa, ya rubuta masa magani. Wannan mataki ya ƙunshi rukuni huɗu: nas mai duba marasa lafiya, da ungozoma mai digiri, da mai ba da maganin barci lokacin tiyata, da ƙwararre a kan wani fanni guda, kamar ciwon daji ko lafiyar ƙwaƙwalwa. Rukunin farko ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Kolorado, lokacin da Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas-nas domin kula da yaran da ba sa samun likita.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne tsakanin sauran biyun, DNP da PhD, domin duka ana kiran mai su dakta, alhali aikinsu ya sha bamban. Mai PhD mai bincike ne, wanda ke kwashe shekara 4 ko fiye yana koyon yadda ake gano sabon ilimi, kuma digirin nan shi kaɗai ba ya ba shi izinin rubuta magani. Shi kuwa DNP digiri ne na aiki a asibiti, wanda ake buƙatar ɗalibinsa ya cika aƙalla awa 1,000 na horo bayan digirin farko, sannan ya gudanar da wani aikin gyara, misali rage kamuwa da cuta a ɗakin masu jinya, ta hanyar amfani da abin da masu bincike suka riga suka tabbatar. A 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta nemi a mai da DNP mafi ƙarancin sharaɗin shiga babban aikin jinya kafin 2015, amma masu ba da maganin barci ne kaɗai suka wajabta digirin dakta, ga duk wanda ya fara karatu daga 2022.

Akwai kuma gajerun hanyoyi ga nas mai difloma da ga mai digiri a wani fanni daban.

Abin da ya kamata duk mai niyyar wannan karatu ya riƙe, har da nas-nas 'yan Nijeriya da ke komawa can aiki, shi ne takardar jami'a ba ta isa ba, sai an ci jarrabawar ƙwarewa ta fannin, an kuma samu lasisin jihar da za a zauna. Fiye da rabin jihohin sun yarda nas mai duba marasa lafiya ya yi aiki ba tare da kulawar likita ba, sauran kuwa sun gindaya masa yarjejeniya da likita, ko da DNP gare shi.