Wa Ke Tambayar Minista Ina Kuɗinmu Suka Shiga?



Duk lokacin da famfon hostel ya ƙafe, ko aka shiga ɗakin gwaji aka tarar injin da ake koya mana aiki da shi ya girmi malamin da ke koyarwar, maganar da ke fitowa daga bakinmu ɗaya ce: "Gwamnati ba ta yi komai ba." To amma gwamnati ba mutum ɗaya ba ce. Akwai wanda aka miƙa wa kuɗin ya yi aikin, akwai kuma wanda muka zaɓa, ake biyansa albashi da alawus, domin ya tsare wancan ya tambaye shi ina aikin yake. Na farko shi ne minista da hukumomin da ke ƙarƙashinsa. Na biyu shi ne ɗan majalisa. Mu kuwa yawanci abin da muka sani game da ɗan majalisa bai wuce rabon babura da buhun shinkafar azumi ba. Shi ya sa na ga ya dace mu duba ainihin aikin nasa: ta wace hanya majalisa ke bin diddigin ministoci, ina ƙarfinta ya kai, ina kuma ya tsaya.

Minista ba ɗan majalisa ba ne

A Ingila, minista ɗan majalisa ne. A zauren yake zaune, 'yan adawa na fuskantarsa, kuma duk ranar Laraba idan majalisa na zama, Firayim Minista da kansa yake miƙewa ya amsa tambayoyi. Mu ma haka muka fara a Jamhuriya ta Farko, zamanin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga 1979 ne muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. A wannan tsarin, shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, shi ne kuma ke sauke shi. Idan ma sanata ko ɗan majalisar wakilai aka ba muƙamin, dole ya bar kujerarsa.

Ma'anar wannan ita ce, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, ko da za su haɗa baki gaba ɗaya, ba su da ikon korar minista ko guda. Wuƙa da nama suna hannun shugaban ƙasa. To in haka ne, me ya rage wa majalisa? Abubuwa huɗu ne, kuma ba ƙanana ba ne.

Ƙofar shiga da bakin aljihu

Na farko shi ne tantancewa. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba wanda zai zama minista sai Majalisar Dattawa ta amince da shi. Wannan iko yana aiki in an so: a 2023 majalisar ta ƙi tabbatar da mutum uku daga jerin sunayen da Shugaba Tinubu ya aika, ciki har da Malam Nasir El-Rufa'i. Sai dai akwai gyara a yadda ake yi. Shugaban ƙasa kan aika sunaye ne kawai, ba tare da faɗin ma'aikatar da kowa zai riƙe ba. Ka ga kenan sanata ba zai iya tsare mutum da tambaya kan ilimi ba, tunda bai san ko ma'aikatar sufuri za a kai shi ba. Ga kuma al'adar nan ta cewa tsohon ɗan majalisa ya rusuna kawai ya wuce, ba tambaya ko ɗaya.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne kasafin kuɗi. Sashe na 80 ya hana a cire ko sisin kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da amincewar majalisa. Shugaban ƙasa yana gabatar da kasafi ne a matsayin roƙo, ba umarni ba. Daga nan sai a rarraba shi ga kwamitoci, kowane minista da shugabannin hukumominsa su zo su kare nasu kason. A wannan zaman ne Ministan Ilimi, da shugabannin hukumar NBTE mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, da shugabannin makarantu irin tamu, ke zama gaban kwamiti. Tambayar da ta fi muhimmanci a wurin ba ita ce "nawa kuke so baɗi?" ba. Ita ce: "Na bara da muka amince, nawa aka sakar muku, me kuka yi da shi?" Domin kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka saki daban, wanda ya isa wurin aikin kuma daban. Tsakanin waɗannan ukun ne gine-ginen da muke gani an yi watsi da su suke maƙalewa.

Gayyata, bincike da sammaci

Na uku shi ne ikon kira da bincike. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya halarci kowace daga cikin majalisun biyu idan an gayyace shi, domin ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 kuma ya ba majalisa ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da ita ta amince da su, domin gyara doka, ko bankaɗo cin hanci, rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara mata haƙori: tana iya neman takardu, ta rantsar da mai ba da shaida, kuma wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, tana iya ba da sammaci 'yan sanda su kawo shi.

Na huɗu shi ne rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wato Odita-Janar. Sashe na 85 ya ce majalisa zai miƙa wa rahotonsa, ba fadar shugaban ƙasa ba, sannan kwamitin asusun gwamnati na kowace majalisa ya duba shi. Bisa al'ada, ɗan jam'iyyar adawa ake ba shugabancin wannan kwamiti, saboda ba a ba kura ajiyar nama. 'Yan sashen akanta, wannan fagenku ne: a cikin rahoton ne ake ganin kuɗin da aka biya ba takarda, da kwangilar da aka biya ba a yi ba. Matsalarsa ita ce jinkiri. Sau da yawa kafin rahoton shekara ya iso gaban kwamiti, ministan da abin ya shafa ya daɗe da barin ofis.

Darasin binciken tallafin mai

Idan ana son ganin waɗannan iko suna aiki, da kuma inda suke karyewa, ba misalin da ya kai na 2012. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi zanga-zanga da yajin aiki, har gwamnati ta dawo da farashin naira 97. Cikin wannan hayaniya ne Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farouk Lawan, mai wakiltar Bagwai da Shanono a jihar Kano.

Kwamitin ya yi zamansa a bainar jama'a, ana nunawa a talabijin. Ministar mai, Diezani Alison-Madueke, ta zo. Ministar kuɗi, Ngozi Okonjo-Iweala, ta zo. Shugabannin NNPC da dillalan mai duk sun zo. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, hukumomin gwamnati ɗaya kowace da nata lissafin. A ƙarshe rahoton ya nuna cewa naira biliyan 245 aka ware wa tallafin a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura naira tiriliyan 2, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗi kan man da ba su shigo da shi ba. Ba don wannan zaman ba, da wuya talaka ya taɓa jin waɗannan alƙaluma. Wannan shi ne amfanin majalisa in ta tashi aiki.

Amma kun san yadda labarin ya ƙare. Shi kansa shugaban kwamitin aka zarga da karɓar dala 500,000 daga attajirin nan Femi Otedola domin a cire sunan kamfaninsa daga jerin. A 2021 kotu ta same shi da laifi ta ɗaure shi shekara 7, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2024. Rahoton da ya girgiza ƙasa sai ya koma ana yi masa kallon hadarin kaji. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Irin wannan ta sake faruwa a Yulin 2020, lokacin binciken hukumar NDDC. A gaban kwamiti ne muƙaddashin shugaban hukumar ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da tambayoyi. Da aka zo kan ministan Neja Delta na lokacin, Godswill Akpabio, sai ya juya kan masu tambayar, ya ce ai yawancin kwangilolin 'yan majalisa ake ba wa. Nan take mai jagorantar zaman ya shiga roƙonsa ya kashe makirfo. Duk wanda ya kalli wannan bidiyon ya ga tushen matsalar: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗan majalisar da ke neman kwangila, ko guraben aiki na yaransa, a ma'aikatar da yake sa wa ido, da wane baki zai tsare ministan?

To rahoton fa, ina yake zuwa?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta ƙwace dukiyar kowa. Abin da take fitarwa bayan bincike shawara ce: a sauke wane, EFCC ko ICPC su gurfanar da wane, a dawo da kuɗi kaza. Shugaban ƙasa na iya ɗauka, yana iya sakawa a aljihun tebur. A 2013 majalisar wakilai ta binciki sayen motoci biyu masu sulke na naira miliyan 255 da aka danganta da ministar jiragen sama, Stella Oduah. Ba a ranar ta tafi ba. Sai a Fabrairun 2014 shugaban ƙasa ya sauke ta, bayan jaridu da ƙungiyoyi sun hana maganar mutuwa.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A 2021 majalisun biyu suka amince da ƙudirin dokar da za ta kawar da bambanci tsakanin mai HND da mai digiri wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Murna muka yi ta yi. Shugaba Buhari bai sa hannu ba har wa'adin majalisar ya ƙare. Alhali Sashe na 58 ya ba su dama: idan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sake amincewa, ƙudiri ya zama doka ko ba sa hannun shugaban ƙasa. An taɓa yi, da haka aka kafa NDDC a 2000 zamanin Obasanjo. A kan namu ba a yi ba. Ikon yana nan, matsin lambar ce babu.

Abin da nake so mu riƙe kenan. Ƙarfin majalisa a kan minista bai wuce abu biyu ba: ta riƙe bakin aljihu, ta kuma tilasta masa magana a gaban jama'a. Duka biyun kuwa ba sa aiki sai akwai masu kallo. Binciken 2012 ya yi zafi ne saboda mutane suna kan titi.

Namu kason

Ba sai mun je Abuja ba. Kasafin kuɗin tarayya ana wallafa shi a intanet, a shafin Ofishin Kasafi, kuma kowace makarantar tarayya tana da layinta a ciki. Ƙungiyar ɗalibai na iya zazzage shi, ta ga ayyukan da aka rubuta da sunan makarantarmu, sannan a zagaya harabar a ga wanne ne ke ƙasa, wanne ne ke kan takarda kawai. Ayyukan TETFund ma suna ɗauke da allo mai shekara, ba ɓoye suke ba.

In an ga giɓi, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana 7. Akwai kwamitin koke-koken jama'a a kowace majalisa; ɗan majalisar mazaɓarku ne zai gabatar da takardar a zaure. Akwai zaman jin ra'ayin jama'a da ake yi kan ƙudirori, inda ƙungiya ke iya aika matsayarta a rubuce. Waɗanda makarantarsu ta jiha ce, hanyar ɗaya ce, sai dai majalisar dokokin jiha da kwamishinan ilimi za ku nufa. Sashe na 128 da 129 sun ba ta irin wannan iko.

Abin lura kawai, a tafi da hujja. "Ana cin kuɗinmu" ba koke ba ne, hirar majalisar mai shayi ce. Koke shi ne: ga aikin, ga shekarar da aka sa shi a kasafi, ga adadin, ga hoton wurin a yau, ga sa hannun shugabannin ɗalibai. Irin wannan takardar tana da wuyar jefarwa a kwandon shara, musamman in kwafinta ya isa gidan rediyo.

Sannan idan lokacin zaɓe ya zo, honorabul ya shigo da ayarinsa, kafin a fara tafi a tambaye shi: wane kwamiti kake ciki? Sau nawa ka tsare wani minista da tambaya kan makarantun mazaɓarka? Me ka ce ranar da aka kawo maganar HND? In ya amsa, madalla. In ya fara kame-kame, kun samu amsarku.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma ba mu shugabanni masu jin kunyar tambaya.