Lasin Manhaja: Mutum Na 26 Ya Fi Kowa Tsada

Tun daga shekarar 2015, da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ya zama wajibi ga ɗalibin Babban Duhu, a Ƙaramar Hukumar Safana, ya iya sarrafa injin kafin ya yi mafarkin shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wannan bukata ta buɗe wa matasa ƙofar sana'a, watau shagon koyar da kwamfuta da buga takardu. To, akwai wani sharaɗi da ke jiran irin wannan shago ranar da ya bunƙasa, wanda ba kasafai mai sayar da inji ke ambatarsa ba.

Idan injuna suka yi yawa a wuri guda, akan tanadi babba ɗaya da zai riƙe takardun kowa, ya kuma san wanda aka yarda ya shiga. Shi ake kira saba, uwar garke ke nan. Kamfanin Microsoft na Amurka ya daɗe yana sayar wa ƙananan 'yan kasuwa manhajar saba a kan rahusa, sau da yawa ma a cikin injin take zuwa. Amma abin da mai shago ya saya lasin ne kawai, watau iznin amfani, kuma iznin nan yana da iyaka.

A zamanin Small Business Server na 2003 da na 2008, ƙunshi ɗaya ne ya haɗa ajiyar takardu da manhajar wasiƙu ta Exchange, iyakarsa kuwa mutum 75 ko inji 75. Har wa yau dole shi ne zai zama shugaban garken. In aka kafa masa kishiya don a kwashe kaya zuwa sabon inji, wa'adi ake bayarwa, kwana 21 a tsarin 2008, daga nan sai tsohon ya riƙa kashe kansa da kansa. A shekarar 2012 kamfanin ya daina wannan ƙunshi, ya bar ƙaninsa mai suna Essentials, wanda ke ɗaukar mutum 25 da inji 50 kacal.

A nan gizo ke saƙar. Muddin ba a wuce 25 ba, babu ƙarin ko kwabo. Amma ba a sayar da gurbin mutum na 26 shi kaɗai. Sai an koma babban lasin da ake kira Standard, wanda tun daga fitowar 2016 ake ƙirga kuɗinsa bisa yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar injin, mafi ƙaranci a biya na 16 ko da injin bai kai haka ba. Sa'an nan kowane mutum, ko kowane inji, sai an yankar masa tikitin shiga, abin da kamfanin ke kira CAL, har da mutum 25 ɗin nan na farko da dā ke shiga kyauta. Mai hankali zai zauna ya yi lissafi: inda ɗalibai 90 ke karɓa-karɓa a kan inji 30, tikitin inji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ofishin da ma'aikaci ɗaya ke da inji biyu kuwa, tikitin mutum ya fi masa. Wanda kuma ke burin zama cibiyar jarrabawar JAMB, sai ya tuna hukumar tana neman kwamfuta 250, ninki biyar ke nan na abin da Essentials ya yarda da shi.

Shawarar da kamfanin ke bayarwa ita ce a koma haya, a ajiye wasiƙu da takardu a sabobinsa ta intanet, a riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara a kan kowane mutum. Lalle wannan ta yi daidai ga ɗan kasuwar Ikko. Mutanen Batsari da Safana kuwa ba su manta ba da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ba a fara maido su ba sai a Disamba. Wanda takardunsa ke can wata ƙasa a waɗannan watanni, da shi da wanda ba shi da su duk ɗaya. Ga kuma faɗuwar Naira tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023, alhali asalin farashin da dala ake yanke shi.

Wasu sukan yi ta maza su ɗora kwafin bogi. Ban da haɗarin ƙwayoyin cuta masu lalata takardu, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhaja cikin ayyukan da take karewa. Zama a kan tsohon abu ma ba mafita ba ce, domin tun ranar 10 ga Oktoba, 2023 aka daina aiko da gyaran kyauta ga Windows Server na 2012.

Saura hanyar Linux da manhajar Samba, wadda tun Disamba na 2012 take iya shugabantar garken injunan Windows ba tare da lasin kowane kai ba. Kuɗin da aka tsira da shi sai ya koma wajen gwanin da zai kafa ta, ya kuma amsa kira ranar da ta tsaya, ko da daga Katsina zai taso.