Littafi Mai Tsarki, Wanka da Tsintsiya

A shekarar 1900, a birnin Richmond na jihar Virginia, wata budurwa mai shekara 21 ta miƙe gaban babban taron cocin Baptist na baƙaƙen fatar Amurka, ta shaida wa fastoci cewa suna danne mata, suna hana su hidimar Ubangiji. Sunanta Nannie Helen Burroughs, kuma mahaifiyarta cikin bauta aka haife ta. A wannan taro aka kafa reshen mata, wani abu mai kama da Zumuntar Mata da muka sani a coci-cocin Arewa, aka ba ta sakatariya.

Tun da farko koyarwa ta nema a makarantun Washington, aka hana ta duk da ƙwazonta. Sai ga shi a 1909 ta buɗe tata makarantar 'yan mata a birnin da ya juya mata baya.

Abu uku ta aza harsashi a kai: Littafi Mai Tsarki, wanka da tsintsiya, wato tsabtar zuciya, ta jiki da ta gida. Wasu masu ilimi suka yi mata ca, wai 'yan aiki take horar wa Turawa. Zargin ba ya rasa tushe, amma a ganina sun yi gaggawa. Yawancin matan baƙar fata da ke aikin albashi a birane a lokacin wanki da girki suke yi a gidajen mutane, ko an so ko an ƙi. Burroughs ta ce to a mai da shi sana'a mai daraja da farashi, har ta kafa musu ƙungiyar ƙwadago a 1921. Kuma ban da ɗinki da aikin ofis, kowace ɗaliba dole ta karanci tarihin baƙar fata kafin ta kammala.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuɗin ya fito. Ba ta jingina da attajiran Turawa ba, yawanci taro da sisin matan coci ne ya riƙe makarantar. Shi ya sa da shugabannin cocin maza suka nemi karɓe ragamar, ta ƙi, ko da suka janye tallafinsu.

Ta riƙe makarantar har rasuwarta a 1961. A 1954 ita ce ta gayyaci wani matashin fasto, ɗan ƙawarta, ya yi wa taron matan jawabi: Martin Luther King ƙarami, tun kafin duniya ta san sunansa.