Wace Dukiya Ake Nema a Cikin Kogo?

Tun da haƙar zinariya ta kankama a ƙasar Yauri da Ngaski, wata jita-jita ta samu gindin zama har ƙauyukan Shanga: wai duk kogon dutse da tsohon kufai akwai dukiyar mutanen da a binne, aljanu na gadinta. Sai ka ga samari da diga da shebur, har da bokan da zai ɗaure musu aljanun.

Jama'a, wace dukiya? Wanda mahara suka koro ya fake a dutse, tukunya ya ɗauko da ɗan hatsi. A gandun dajin Yankari na jihar Bauchi akwai kogwanni 59 da mutanen dauri suka sassaƙe a jikin dutse, waɗanda wani mai suna P.J. Marshall ya bayyana a 1980. Abin da ke cikinsu zane-zane ne a bango, kuma su ake zuwa kallo. Ba don Yankari na ƙarƙashin kariya tun 1956 ba, da wa ya san halin da suke ciki yau? A nan kusa da mu kuwa, kafin ruwan madatsar Kainji ya malale tsohuwar Bussa a 1968, masana sun tona wani tudu kusa da Yelwa. Mutum-mutumin yumɓu da kasake suka samu, masu shekara fiye da dubu. Mai diga da ya ci karo da irinsu, dagargaza su zai yi yana ƙorafin bai samu komai ba. Abin haushi!

Su Amurka, kogon Mammoth mai tsawon fiye da kilomita 600 suka mayar gandun gwamnati a 1941, har gobe baƙi na biyan kuɗin shiga.

Zaizayar ruwa ma na ɓata kogo, amma hannunmu ya fi.

To, in ka tsinci kogo ko kufai, kada ka tona. Kada ka hura wuta a ciki don korar gafiya ko bushiya, hayaƙi na turnuƙe zanen bango. Bar rubuta sunanka da gawayi, ba allon makaranta ba ne. Ƙyale jemagu, ƙwarin gona da yawansu ke ci. Kasko ko tsakiya, bar su inda suke, don wurin da aka same su ne ke nuna shekarunsu. Ɗauki hoto da waya, ka sanar da mai unguwa ko hakimi, su kai maganar ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.